Bayan ritaya son zane ya kama ni: ta ina ake taimakon masu wannan sana'a?

Tsohon_Duwan:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a yi mini dariya, ta gida ma ta ishe ni. Bara waccan na ajiye aikin duwan. Da farko na yi abin da kowa ke yi, daga masallaci sai fada, shayi, rediyo, sai barcin rana da jiki bai saba ba. Ran nan jikoki suka matsa in kai su Muze, gidan tarihi na ƙasa, su ga dorina. Suna can wajen namun daji, ni ƙafa ta gaza, na zauna a rumfar masu aikin hannu kusa da wani dattijo da ke yi wa ƙwarya ado da wuƙa mai zafi. Ya ciro wuƙar daga garwashi, ya ɗora, hayaƙi ya ɗan tashi, layi ya fito baƙi. Yana juya ƙwaryar da hannun hagu, bai auna komai ba, amma da ya zagayo sai layin ya tarar da inda ya faro daidai wa daida. Duk shekarun da na yi a Yamai ban taɓa tsayawa na kalli irin wannan ba. Tun daga nan na sayi kaye da kiriyo, ina zana dogon yaron ƙofar gidana da jiragen masunta a ƙarƙashin gadar Kennedy. Uwargida ta ce tsufa ne ya zo da sabon salo.

Tambayar biyu ce. Mai furfura irina bai makara ba? Sannan wanda ba shi da komai sai fansho, ta yaya zai taimaki masu zane da sassaƙa na ƙasar nan har taimakon ya isa gare su?

Mushe_Talaje:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ai kai ma sai ka yi murna, don wanda ya riga ka ɗan gidanku ne. Akwai Bafaranshe Henri Rousseau da duniya ta sani da laƙabin ɗan duwan. An haife shi a 1844, ya ajiye aiki a 1893 yana da shekara 49 don ya zauna wa zane. Ba wanda ya koya masa, ƴan jarida sun yi masa ba'a har sun gaji, yau aikinsa na rataye a manyan gidajen tarihi. Dazuzzukan da ya shahara da su ma bai taɓa taka su ba, bai fita daga Faransa ba, lambun tsirrai na Paris yake zuwa ya kalla. A Amurka kuma akwai tsohuwar da ake kira Grandma Moses, ta kama fenti gadan-gadan tana da shekara 78, ta rasu a 1961 tana da 101. Kai da ko saba'in ba ka kai ba, me kake jira?

Ɗalibi_UAM:
Mushe, da ɗan gyara. Rousseau ba a kan iyaka ya yi aiki ba, harajin kayan da ke shiga birnin Paris yake karɓa a ƙofar gari. Laƙabin ne kawai ya bi shi. Amma dai Baba Alhaji yana iya riƙe shi a matsayin ɗan'uwa na nesa.

Ɗan_Ader:
Mi ya kai ku Faransa da Amurka, ga abu nan gida? Baba, in ka samu hali ka taho Tawa mu kai ka Yama, kusa da Badagishiri. Masallacin Juma'ar garin Falke Barmu ya gina shi, magini na kuma manomi, bai yi lakwal ɗin gini ba. Cikin 1962 anka fara, ɗaki guda mai ginshiƙai, na laka zalla. A 1975 da anka tashi gyaran rufi sai ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, ya tada tulluwa a tsakiya, daga nan har 1982 yana tada hasumiya huɗu a kusurwoyi, kuma ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 anka ba masallacin kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Abin da ya sa na kawo maganar, tambayarka ta biyu. Mutanen Yama ba su da wata ƙungiya ta Turai da ta ba su kuɗɗi. Gayya anka yi. Wanga ya buga tubali, wancan ya kawo itace, mata sunka ɗebo ruwa, mai hali ya ba da hatsi. Haka anka ɗauki nauyin mai fasaha har ya yi abin da ke cikin kainai.

Abu_Huzaifa:
Ni dai nasiha zan yi. Mutumin da Allah ya ba shi tsawon rai har ya huta da aiki, kamata ya yi ya koma ga Alƙur'ani da istigfari. Kuma kun san hadisan da suka zo a kan masu yin sura, ba wasa ba ne.

Malam_Bukoki:
Abu Huzaifa, nasiharka ta karɓu, amma a bambance. Hadisan nan sahihai ne, ba mai musu. Sai dai a cikin Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin surori yake ci, ya tsoratar da shi, sannan ya ce masa in dai ba makawa to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Alhaji dogon yaro ya ce yana zanawa da jirgin ruwa, ina laifi a nan? Malamanmu na Malikiyya kuma sun raba tsakanin gunki cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wanda mafi yawansu suka tsaya a kan karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, wanda ya bi su bai yi kuskure ba. Amma kada a rufe ƙofar da shari'a ta bari a buɗe.

Kuma wai mun manta da zayyana ne? Duk wanda ya yi sauka a tsangaya ya san allon da ake yi wa ado. Tawadar gawayi da ƙaro, ja, rawaya, kore, alƙalamin gamba da aka fiƙe da hannu, a ja da'ira da murabba'i a kewaye Fatiha da farkon Baƙara. Alarammomin da suka iya wannan suna ta ƙarewa, yanzu takardar da inji ya buga ake mannawa. In Alhaji na neman inda zai sa kuɗinsa ya samu kyau ya samu lada, ya nemi mai zayyana ya biya shi da daraja.

Abu_Huzaifa:
Zayyana ban da ja a kanta. Amma wanda ya fara da itace gobe zai zana jikansa. Shi ke nan abin da nake gudu.

Rabi_Tablo:
Baba Alhaji ina wuni. Ni ɗiyarka ce, zane ne sana'ata, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, don masu ba da shawara da yawa ba su taɓa sayen tablo, wato zanen fenti na ratayewa a bango, ko ɗaya ba.

Kayan aikinmu kusan duka daga waje suke zuwa. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 fentin kwalba mai kyau ya yi tsada, wani launin ma sai ka yi saƙo. Masu sayenmu kuma da Turawan ofisoshin jakadanci ne da ma'aikatan ƙungiyoyi, yawancinsu sun tafi. Je ka shagunan Shato 1 ka ga yadda ƙura ta rufe kaya. Don haka da yawanmu mun koma abin da ke ƙasa. Ni alawayyo nake saya a kasuwa, kafinta a Katako ya haɗa mini katako, in ja ƙyallen in buga ƙusa har sai ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa, in shafe shi da farin fenti da gam, ya bushe, in sake. Ja kuwa jar ƙasa ce nake dakawa in tankaɗe da rariyar laushi in kwaɓa da ƙaro. Shuɗi daga baba, baƙi daga gawayi, ruwan ƙasa daga lalle. Wallahi wani jan da marmara ke bayarwa ba ya cikin kwalba.

Taimakon da muke so ba sadaka ba ce. Ka sayi aiki. In ƙarfinka bai kai babba ba ka sayi ƙarami, ko ka biya kaɗan-kaɗan duk wata, da yawanmu za su yarda. Abu ɗaya ne ke ƙona mana rai: mutum ya sauko daga mota mai sanyi, a ce masa jika talatin, ya ce jika biyar albarka, wai ai fenti ne kawai da tsumma. Sati biyu na aikin fa? Wani kuma ya ɗauki hoton tablon da waya ya je a buga masa babba ya rataye a falo. Wannan ya fi ciwo.

Makara kuwa babu ita. Sai dai ka bar kayen lakwal mai layi, ka nemi farar takarda mai kauri, ka kuma riƙa zana abu ɗaya da safe da yamma ka ga yadda inuwa ke sauya shi.

Mai_Gaskiya227:
Ku yi haƙuri, ni abin nan bai shige ni ba. Ƙasar da buhun hatsi ke gagarar magidanci, a ce tsoho ya ɗauki fanshonsa ya sayi hoton bango? Maƙwabcinsa fa da bai ɗora tukunya ba? Wannan sha'awar ƴan boko ce da Turawa suka bar mana.

Baduku_Wadata:
Mai Gaskiya, kuɗin da aka ba ni na jaka ina kake tsammani yake zuwa? Hatsin nan dai nake aunowa. Kafin jakar ta zo hannuna mahauci ya ci, majemin Gamkalle da ya jiƙa fatar a ruwan bagaruwa ya ci, mai karan dafin da muke rina ja da shi ya ci, yaran shagona sun ci. Kuma dukanci ba Bature ne ya kawo shi ba, ya tarar da kakanninmu suna yi, har fatarmu na ƙetare sahara.

Alhaji, ni ga tawa shawarar, ta ɗan bambanta da ta ɗiyata Rabi. Saye yana da kyau, amma abin da ke kashe sana'a rashin magada ne. Yaro ya zo koyo, wata uku ba ya samun ko na karin kumallo, sai ya gudu ya kama kabu-kabu, ko ya bi ƴan zinariya Jado. Ba laifinsa ba ne. In dattijo ɗaya zai ɗauki nauyin yaro ɗaya, kuɗin mota da na abincin rana kawai, har hannunsa ya faɗa, ya fi mini a sayi jaka goma. Ba kuɗi ne mai yawa ba, bai kai abin da wasu ke kashewa a goro da sukari ba.

Mai_Gaskiya227:
Jaka da takalmi ai amfani ake da su, ban da magana a kansu. Tablo fa, me ake yi da shi?

Hajiya_Yantala:
Abin da ake yi da jeren kwalla a ɗakin amarya, shi ake yi da shi. Kallo. Kun cika zauren nan da maganar maza, kamar mata ba su san kyau ba sai da aka buɗe Muze. Wa ke yin lalle? Wa ke saƙa faifai mai launi, wa ke yi wa tulu zane? Ku je Bubon ranar Laraba, ranar kasuwarsu, nan bakin kogi ba nisa da Yamai. Matan garin ke gina tukwane da tuluna da hannu, su shafa farar ƙasa, su ja zane ja da baƙi, su gasa a fili. Ba wadda ta riƙe takardar shaida a cikinsu.

Ni ungozoma ce, na yi ritaya na daɗe. Abin da ya same ka Alhaji ya same ni, sai dai ni ta wajen bargo ya zo. Tera-teran auren mahaifiyata na ciro daga akwati zan shanya, na zauna ina bin ƙananan zanen da ke jiki da yatsa, sai na ga ashe kowane ƙwarya da aka saƙa daban sai da masaƙin ya lissafa yadda zanenta zai haɗu da na kusa da ita in an ɗinke. Shekara nawa bargon nan na gidanmu ban lura ba, kullum ina gudun asibiti. Yanzu duk ɗiyar dangi da za ta yi aure, maimakon bargon kanti, masaƙi nake ba aiki tun da wata biyu, in biya rabi ya sayi zare. In lokacin SAFEM ya zo kuma, baje kolin aikin hannun mata da ake yi tun shekarar 2000, ina zuwa da kuɗina a ɗaure, ba kallo kawai ba.

Uwargida kuma ka ƙyale ta. Ka zana mata ƙofar gidan ubanta ka gani in ba ta rataye ba.

Tsohon_Duwan:
Hajiya kin ba ni dariya, Allah ya saka. Malam na Bukoki, hankalina ya kwanta. Rabi ɗiyata, na ji batun takarda. Wani abu kuma: wani ya kawo mini kan mutum na yumɓu a fada, ya ce tsoho ne daga wajen Tera aka tono shi, wai in ina son kayan fasaha ga na asali. Ban saya ba, don aikin da na yi ya koya mini shakkar irin wannan kaya, amma ina so matasa su ji dalili daga bakin masu karatun abin.

Ɗalibi_UAM:
Baba ka yi daidai. In na gaske ne, kayan Bura ne. A 1975 aka fara gano wurin a yankin Tera, a 1983 Boubé Gado na jami'ar Yamai ya jagoranci tono shi. Maƙabarta ce, tuluna ne dogaye da aka kife, wasu da kawunan mutane a sama, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Masana sun sa su tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Da aka nuna su a Faransa cikin shekarun 1990, ƴan kasuwar kayan tarihi suka buɗe ido, aka bi wuraren da haƙa ba kai ba gindi. Shi ya sa suke cikin jan jerin majalisar gidajen tarihi ta duniya, kuma dokar ƙasa ta 1997 ta hana tono su da fitar da su. Tulun da aka fizge daga inda yake, ba a san me ke kusa da shi ba, ba a san zurfinsa ba, rabin labarinsa ya tafi. In kuma na jabu ne, an gasa shi bara an binne a bayan gida, ka ga an cuce ka. Ko ta ina ba riba. Kuɗin ya fi kyau a hannun matan Bubon da Hajiya ta ambata, su da ke da rai.

Direban_Arlit:
Tunda an zo tsofaffin kaya, ni na ga raƙuman dawan Dabus da idona lokacin ina bin hanyar Agadas zuwa Arlit. A jikin dutse aka sassaƙa su, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane tabo na jikinsa. An ce sun kai shekara 6,000 ko fiye, tun sahara na da ciyawa. Akwai kwafinsu na ƙarfe a filin jirgin Agadas. Wanda ya ce Turawa suka koya mana zane ya je ya tsaya gabansu tukuna.

Mai_Gaskiya227:
Direba, da ni kake, na ji. Ban ce ba mu da shi ba. Cewa na yi yunwa ta riga shi.

Ɗan_Ader:
Yunwa ba ta hana mutanen Yama ba, kuma ba a daɗe da hita fari ba sunka koma ma ginin nan, kowa ya san abin da fari ya yi muna a 1973 da 1974. Af, na mance da Moustapha Alassane. Nan Tawa ya zamna shekaru da yawa kahin ya rasu a 2015. Makanike na tun farko, da kainai ya koyi zane, ya riƙa zana kwaɗi yana motsa su har sunka zama sinima, yana cikin na farkon da sunka yi haka a Afirka. Tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke Yamai sunanai ta ɗauka yanzu. Yaranmu nawa sunka san shi?

Mushe_Talaje:
Tambayar Ɗan Ader ita ce ciwon. A jadawalin firamare akwai awar zane, amma mu malamai mun san abin da ake yi da ita, lissafi ake cusawa ko a ce yara su share fili. Babu kiriyon launi, malamin ma ba a koya masa ba. Muze kuwa tun 1959 yake nan, Boubou Hama ya tsaya aka kafa shi, ga ƙasusuwan dabbobin da aka tono a Gadafawa, ga itacen Tenere da mota ta kayar a 1973, ga rumfar tufafin gargajiya, amma akwai yaran Talaje da suka gama firamare ba su taɓa shiga ba. Alhaji, ku tsofaffin ma'aikata abin da kuka fi mu shi ne lokaci da kuma mutunci a idon darektan lakwal. Ku haɗu ku biyar, ku ɗauki aji ɗaya ku kai su, ku saya musu takarda. In Rabi za ta yarda ta zo ta nuna musu yadda ake kwaɓa jar ƙasa, ku biya ta ladan yininta.

Rabi_Tablo:
Na yarda Mushe, amma a biya ɗin nan da ka faɗa a riƙe shi. An sha kiran mu a ce mu zo don kishin ƙasa, mai kiɗa a sallame shi, mai kujeru a sallame shi, mai zane a ce Allah ya yi albarka.

Baduku_Wadata:
Haka yake. Alhaji, in maganar yaro ta yi maka, akwai wani maraya da ke zuwa shagona yana leƙe, hannunsa da kyau, na gwada shi da yankan tsinke. Amma ka zo ka gan shi da kanka, ka ga uwarsa, kada ka ba ni kuɗi a kan maganata.

Hajiya_Yantala:
Ni Laraba mai zuwa ina da niyyar Bubon, motar ɗana na da wurin mutum uku. Wanda zai je ya zo da tsumma ko buhu na naɗe tulu, hanya ba ta da tausayi. Mai Gaskiya, har da kai in kana so, ruwan tulu ai amfani ne.

Mai_Gaskiya227:
Laraba ina aiki Hajiya, ni ban yi ritaya ba tukuna. A sayo mini ƙarami, marar zane in ya fi araha.

Tsohon_Duwan:
Hajiya a ajiye mini wuri. Baduku zan biyo Wadata bayan Juma'a. Ɗan Ader, Yama fa, daga Yamai yini guda ya isa?

Direban_Arlit:
Kilomita ta haura 500 kafin Tawa, Alhaji. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sai ka karya arewa a Tsarnawa. In ka yi sammako da bas ka sauka Badagishiri da la'asar, amma kada ka ce za ka juyo a ranar, bayanka ba zai yafe maka ba.

Ɗan_Ader:
Kada ka taho yanzu Baba, damina ta, kowa na gona, ba ka samun mai zagayawa da kai. Ka bari sai an yi girbi. Kuma ka tambayi liman kahin ka hiddo takarda cikin masallaci, wasu dattawan ba su so.